Fitilun da Na Ɗaura wa Motar Yaya

Sana'ata wayarin ɗin mota. Na yi ta shekara arba'in da 'yan kai a Daura, a wata rumfar kwano da ke bayan tasha, kafin ciwon baya ya zaunar da ni a gida. Bokona bai wuce firamare ba, don haka rubutun nan zai zo ne yadda bakina yake. Abin da nake son rubutawa aiki ne na rabin yini, wanda na yi wa yayana a cikin wani watan azumi, a farkon shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi. Ya ba ni shekara bakwai, kuma ni ne na ƙarshe a ɗakinmu, saboda haka Auta yake kirana har na yi furfura. Shi ya kai ni koyon aiki, shi ya tsaya mini a aurena. Direba ne. A lokacin yana jan a-kori-kurar wani Alhaji mai fataucin hatsi, farar mota ƙirar Japan, yana ɗauko gero da dawa da gyaɗa daga Zango da Dutsi da Babban Mutum yana kawowa sito. Ya fi shekara ashirin a kan sitiyari bai taɓa take ko kaza ba, kuma yana son a san haka. In ya zauna a bencin direbobi sai ya faɗa, wani lokaci sau biyu a zama ɗaya. Motar ba tasa ba ce, amma shi ke wanke ta da hannunsa, ba ya yarda kowa ya jingina da ita. Da ita yake ciyar da mutum tara.

A shekarun nan kowa bakinsa shari'a. An rufe gidajen giya na bayan gari, malamai suna shiga kasuwa suna wa'azi a kan tauye mudu da algus. Ni ma ina cikin masu zafi. Na bar gemu, na ɗage wando, kuma in na ji wani bakanike ya sa wa mutum tsohon kaya ya ce sabo ne, ni ke fara ce masa ya ji tsoron Allah. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da nake ɗaukar kaina a lokacin.

Azumin ya zo cikin kaka, lokacin da motar ba ta hutawa. Fitilunta kuwa sun gaji. Ta hagu dutse ya fasa mata gilashi an liƙe da salatif. Ta dama ruwa ya shige ta, madubin ciki ya yi tsatsa, haskenta bai fi na aci-balbal ba. Alhaji ya ce a sake su duka biyun, ya tura ni Kano. Sababbi na kwali ba su da ƙarko, sai na nufi wajen masu kayan da ake kwancewa daga motocin ƙasashen waje, waɗanda muke kira beljiyam. Na tarar da wasu guda biyu a rataye, gilashi garau, babu ko ƙwarzane. Na juya bayansu na ga kunnuwan noti sun yi daidai, soket ma irin namu ne. Fuskar gilashin kyanta kawai na kalla. Na naɗe su cikin buhu na hau mota.

Washegari bayan azahar Yaya ya kawo motar rumfata. Na buɗe bonet, na cire kan batir, na kwance ragar gaba. Wani noti na fitilar dama ya ci tsatsa ya ƙi motsi, sai da na jiƙa shi da kananzir na jira. Yaya yana tsugune kusa da ni yana miƙo mini sifana, yana ba ni labarin ramukan da damina ta ƙara wa hanyar Baure. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ake kauce wa ta hagu da wanda ake ratsawa ta tsakiya. Na goge bakin wayoyi da samfefa, na sake guda da ta ƙone, na sa ƙwayayen fitila da tsumma a hannu don ba a taɓa su da yatsa. Na zaunar da kowace fitila a gurbinta na ɗaure. Da na mayar da batir ya kunna, duka biyu suka kama, dim da ful, wato ƙaramin haske da babba. Ko da rana sai da muka ga ƙyallinsu.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne rabin aikin. Ba a sallamar fitila sai an haska bango. Ana tsayar da mota a wuri mai daidai, kamar taku goma daga bango, a ja layi da gawayi daidai tsayin fitilun, a jira rana ta faɗi. Sai a kunna dim a ga inda hasken ya sauka da yadda ya kwanta, a riƙa juya notocin saiti na baya har ya zauna. Bangon wani sito da ke bayan rumfata duk layukan gawayina ne. To amma faɗuwar rana a watan azumi lokacin shan ruwa ne. Ranar kuwa tun la'asar maƙogwarona ya bushe, kaina yana sarawa, ba abin da nake gani a gabana sai kofin kunun tsamiya.

"Auta, ba za mu haska bango ba?" in ji Yaya.

"Haba Yaya, motar nan ai a hannuna ta girma. Na san saitinta da ka."

"To ko in dawo bayan asham?"

"Kada ka wahalar da kanka. Je ka sha ruwa."

Ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya ja motar ya tafi.

Bayan kwana huɗu ya same ni a tasha da hantsi. Ina zaune a bencin direbobi tare da mutum shida ko bakwai, har da kamashon tashar, wani dogo mai bakin tsiya wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. A watan nan ne kuma wani sabon mai wayarin ya kafa rumfa kusa da tawa, har direbobi biyu sun koma wajensa. Shi ma yana zaune a ƙarshen bencin.

"Auta, fitilun nan naka da magana," in ji Yaya.

"Wace irin magana?"

"Gefen hanya ba na ganinsa. Hannun damana duhu ne, sai na zo dab da abu nake ganin shi. Sannan duk motar da muka yi gaba da gaba sai ta dalle ni da ful, alhali ni ina dim. Jiya wani mai tirela har leƙowa ya yi ya zage ni."

Kamasho ya tafa hannu. "Injiniya! Ko dai yunwa ce ta sa ka ɗaura su a kife?"

Aka kwashe da dariya. Na saci kallon sabon mai wayarin, na ga yana murmushi yana kallon ƙasa. Da na ce wa Yaya ya kawo motar da magariba mu duba, da maganar ta ƙare a nan. Ga abin da ya fito daga bakina:

"Fitilun da na zaɓo da hannuna? Duk tashar nan babu mai irinsu. Masu dalle ka haushin hasken suke ji. Yaya, ko dai dundumi ne ya fara taɓa ka?"

Direban da aka ce ba ya gani in rana ta faɗi an gama da shi, kuma na san haka tun kafin in rufe baki. Dariyar ta bar kaina ta koma kansa. Kamasho ya miƙe yana ƙwala wa mahautan bakin tasha kira: "A ajiye wa Baba hanta ta shan ruwa! Ita ce maganin!" Yaya ma ya yi dariya, irin wadda mutum ke yi don kada a ce ya ji haushi. Sannan ya dube ni kallon mai tambaya, babu fushi a ciki, don a wajensa in na faɗi magana a kan wutar mota ta zauna ke nan.

Bayan kwana biyu na shiga gidansa gaisuwa bayan shan ruwa. Matarsa abokiyar wasata ce, ta tare ni a tsakar gida da ludayi a hannu.

"Kai ƙaramin miji, me ka faɗa wa yayanka? Kullum sai an gasa masa hanta, ni da yara sai dai ƙamshi. Jiya har kwallina ya karɓa ya zizara, kamar amarya."

Na yi dariya na ce ai gata na yi masa. Na ci ƙosanta na fito. Ga motar nan a ƙofar gida, ga bango, ga duhu ya fara shiga. Tunanin ya zo mini, na kore shi. In na haska bango na ga kuskure, dole in koma bencin nan in janye maganata a gaban kowa.

A goman ƙarshe abin ya faru. Ya taso daga Babban Mutum da lodin gero, ya sha ruwa a Zango ya yi magariba, ya kamo hanyar gida. Bai yi nisa ba wata bas ta taho ta dalle shi. Kafin idonsa ya washe, sai ga amalanken shanu ya ɓullo daga gona yana tahowa ta gefen damansa, an ɗora masa kara, manomi a kai. Ya taka birki, amma mota da lodi ba ta tsayawa nan take. Ya daki bijimi ɗaya ya karya masa ƙafa, manomin ya faɗo kafaɗarsa ta goce. A nan bakin hanya aka yanka bijimin. Aka yi sulhu a gaban mai gari, Yaya bai yi musu ba. Yana da wani bijimi da yake kiwo a gida tun bara, ya kwance shi ya ba manomin, don da shanun nan biyu mutumin yake huɗa.

Alhaji ya kira ni zaurensa. Na tarar da Yaya zaune a gefe, kansa a ƙasa.

"Malam, kai ne masanin abin nan, kuma ɗan'uwanka ne," in ji Alhaji. "Tsakaninka da Allah, fitila ce ko ido?"

Na ce, "Alhaji, fitila dai lafiyarta ƙalau."

Ban ce ido ne ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Alhaji ya numfasa, ya juya ga Yaya ya ce ya ɗan huta tukuna har a ga yadda Allah zai yi. Yaya ya zaro zoben makullai daga aljihu, ya cire na ɗakinsa, ya ajiye na motar a kan tabarma.

Bayan salla aka kawo motar rumfata, mai bugun jikin mota ya riga ya miƙar da gabanta. Fitilar dama ta farfashe, ta hagu ko tsagewa ba ta yi ba. Na samo wata ta dama a nan gari, daga wata mota irinta da ta mutu, na ɗaura. Wannan karon babu azumi. Na kai motar gaban bangon sito, na ja layi, na jira magariba ni kaɗai, na kunna dim.

Haske biyu suka sauka a bango, kowanne da kamarsa. Wadda na sa ranar, haskenta ya kwanta a hagu ya ɗaga a dama. Haka ake so, don ya haska gefen hanya ya bar idon mai tahowa. Ta hagu kuwa, wato wadda ta rage cikin na Kano, akasin haka ta yi. Ta ɗaga a hagu, daidai fuskar direban da ke tahowa, ta bar dama a duhu. Na kai hannu kan notin saiti, na sake shi. Saiti ba ya gyara wannan, a jikin gilashin aka zana shi. Na durƙusa na haska gilashin da tocila, a ƙasa wajen lambobi na ga wata 'yar kibiya.

Na san kibiyar. Ina koyon aiki aka yi canjin hannu a ƙasar nan, aka bar tuƙi ta hagu aka koma dama, muka yi wajen wata guda a garejinmu muna sauya wa motoci fitilu. Maigidana na lokacin shi ya nuna mini ita da farcensa, ya ce duk fitilar da ke ɗauke da ita ta ƙasar masu bin hagu ce. Daga motar irin waɗannan ƙasashe aka kwanto waɗanda na sayo. Kusan mako uku Yaya ya yi yana tuƙi da fitilun da ke haske idon mutane suna ɓoye masa nasa gefen, su kuma mutanen suna ramawa da ful. Da na haska bango ranar farko, minti ɗaya ya ishe ni in gani.

Na zauna a kan bamba har aka kira isha. Gidan Alhaji ba shi da nisa, kuma sabon direba bai fara aiki ba tukuna. Na auna abin da zai biyo baya. Bijimi ya mutu, mutum ya ji rauni, an haɗa ni da Allah a zaure na ba da shaida. Ga benci, ga kamasho, ga sabuwar rumfa kusa da tawa. Sai na ɗauki sifana na kwance fitilar hagu, na sa ta a buhu, na bubbuge ta da guduma har ta zama gari, na zuba a tsohuwar rijiyar da ake zubar da shara. Da safe na ce wa Alhaji ita ma ta tsage ta ciki, na samo wata na sa.

Sabon direban ya yi mako guda, ya zo tasha yana yabon fitilun, wai ko allura ce a gefen hanya zai gan ta. Kowa ya ɗauka irin waɗanda Yaya ya yi kuka da su ne. Daga ranar maganar ta tabbata, aka koma kiran sa mai dundumi, wasu a bayan idonsa, kamasho a gabansa.

Yaya bai zauna ba. Ya tafi asibitin ido a Kano, ya yi kwana biyu yana bin layi, ya dawo da takarda. Rumfata ya fara zuwa, ko gida bai biya ba.

"Auta, duba mini nan. Likita ya ce idona ya fi na wasu samarin."

Na karɓa na duba. Turancin ya fi ƙarfina, amma na gane inda ya dosa.

"To in ba ido ba ne, mene ne? Kai ka san mota. Faɗa mini."

Yana tsaye, jakarsa a kafaɗa, yana jira. Na ninke takardar na miƙa masa na ce, "Yaya, ƙaddara ce. Ka bar wa Allah."

Ya kai wa Alhaji takardar, Alhaji ya ce ya riga ya ba wani amana, ba zai karɓe ba. Ya kai wa masu motoci uku ko huɗu. Kowa ya karɓe shi da mutunci ya ce za a neme shi. Wani ya faɗa a bayan idonsa cewa shi ba ruwansa da takarda, tunda ƙanensa ma da ya san aikin ya faɗa. Bayan shekara guda ya daina nema. Ya koma gonarmu ta gado a wajen Dutsi, noman da bai saba ba, da rani kuma yana sayar da man inji a kwalabe a bakin hanya. Babban ɗansa ya bar makaranta ya kama acaba. Shi kansa Yaya ya koma shakkar idonsa duk da takardar. In za shi masallaci da isha sai ya riƙe tocila, ko da farin wata.

Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara sallamar mota ba sai na haska bango, ko mai ita yana sauri, ko azumi ake. Direbobi suka riƙa yabona da ƙwarewa, suna turo mini 'yan'uwansu. Sabon mai wayarin ya tashi ya koma Zango. Duk kaka ina kai wa Yaya buhun gero, mutane suna cewa Allah ya ba shi ƙane na gari. Sau da yawa na yi niyyar faɗa masa. In na je sai in tarar da baƙi, ko in tarar ba ya jin daɗi, ko kuma in tarar yana cikin raha in ce ba yau ba.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Sai Allah ya ba ni kujerar Makka, na shiga zagayen 'yan'uwa neman gafara kamar yadda ake yi. Na same shi da la'asar a zaurensa yana ɓarar gyaɗa.

"Yaya, tafiya ta matso. In na taɓa yi maka wani abu, ka yafe mini."

"Kai Auta, me ka taɓa yi mini in ban da alheri? Na yafe duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini."

Na tashi na sa takalmi ɗaya, na kasa sa ɗayan. Na koma na zauna na faɗa masa komai, tun daga Kano har rijiya. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Gyaɗar da ke hannunsa ya murƙushe ta har da ɓawon.

"Ranar da na kawo maka takarda, ka sani?"

"Na sani."

"Ranar da ɗana ya bar makaranta fa?"

"Na sani, Yaya."

"Ni ina nan ina zargin idon da Allah ya ba ni lafiyayye." Ya karkaɗe hannunsa a gwiwa. "Yafiyar ɗazu ban san abin da nake yafewa ba, ka ajiye ta gefe. A gaban mutane ka ce ina da dundumi. Gobe da hantsi ka zo mu je tasha."

Muka je. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Tashar ta sauya, an yi sababbin rumfuna, 'yan acaba sun cika bakin ƙofa, bencin ma ya koma na ƙarfe. Alhaji ya rasu, motar an daɗe da sayar da ita Nijar. Cikin waɗanda suka yi dariya a wancan hantsin, kamasho kaɗai muka samu, ya tsufa haƙoransa sun zube. Sauran samarin direbobi ne guda biyar, waɗanda ba su san mu ba sai a fuska.

Na yi sallama na tsaya a gabansu. Na ce wannan yayana ne, direba ne, kuma bai taɓa yin dundumi ba. Na ce ni na ɗaura masa fitilun ƙasar masu bin hagu, ban haska bango ba, da ya yi kuka na ɗora wa idonsa, da na gane kuma na farfasa shaidar na yi shiru.

Kamasho ya karkata kai yana tunani. "Wai maganar bijimin nan na hanyar Zango? Kai Injiniya, ai wannan ta daɗe da mutuwa. Ni wallahi har na manta wa ya fara faɗa."

"Ni ban manta ba," in ji Yaya.

Wani saurayi ya ce, "Baba, Allah ya ba da haƙuri." Wani kuma ya tambaye ni a ina kibiyar take, ya tafi ya leƙa gilashin motarsa. Sai aka kira lodi suka watse. Duk abin bai kai minti goma ba. Babu wanda ya miƙo masa makulli, shi ma bai sa rai ba. Ya haura sittin, gwiwoyinsa sun riƙe.

A bakin ƙofa akwai wata a-kori-kura da aka yi wa lodin buhuna. Yaya ya tsaya ya ja igiyar, ya ji ta saki. Ya kwance ƙullin ya sake ɗaurewa, ya ja sau biyu ya ji ta kama, bai nemi mai motar ba. Muka taka har ƙofar gidansa. A nan ya juyo.

"Na yafe maka, Auta. Ba zan so ka tsaya gaban Ɗakin Allah da haƙƙina a wuyanka ba. Amma ka ba ni lokaci. Kada ka shigo mini gida sai na kira ka."

Ranar da aka raka mu za mu tashi Makka, matarsa ta zo, 'ya'yansa suka zo, shi bai zo ba. Da na dawo na aika masa da tsaraba, ya karɓa ya aiko da godiya. Muna gaisawa a masallaci da wajen ɗaurin aure, yana tambayata iyali, ina tambayarsa gwiwa. Shekara uku bayan nan ya rasu. Bai kira ni ba, ni kuma ban shiga gidan ba sai ranar da muka ɗauko shi.